Shekarar da Aka Rubuta Ni a Gidan Suruki

Wannan babi na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Gwarzo, na rubuta zamana da babanku, Allah ya jiƙansa, da yadda na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan duk kun tasa. Amma duk sanda na iso shekarar da aka sayi gidan da ke garin Bowie, sai in ajiye biro in ce gobe. Abin da ya zaunar da ni yau magana ce da na ji a bakin jikata Hanifa. Tana waya da ƙawarta da Turanci, ta ɗauka ba na ji, ta ce ai kawunta tafiya ya yi Texas ya bar kakarta a gidansu. Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta taso tana ji ne a bakin manya. Turancina bai kai in yi magana ba, amma ya kai in ji abin da zai hana ni sukuni. To ku saurara, ku da 'ya'yanku. Yayanku bai bar ni ba. Ga yadda abin ya kasance.

Ku da kuka daɗe a nan Amurka, balle yaran da aka haifa a nan, sai na yi muku bayani tukuna. Yayanku ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi ido cikin ido. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ko yanzu da nake rubutu, hannuna ba zai yarda ya rubuta sunansa ba, shi ya sa za ku ga ina cewa yayanku. Shi ma bai taɓa ce mini Umma ba yadda Rabi da ƙannenta suke faɗa. Hajiya yake cewa. In ya shigo sai in ce, an dawo? Ya ce, an dawo. In ina son abu sai in ce a kawo kaza, ina kallon bango. Haka muka rayu, kuma ba rashin so ba ne. Kunya ce, kuma da ita aka raine mu.

Shi ya fara zuwa ƙasar nan. Injiniyan ruwa ne, a Zariya ya yi karatunsa, amma da ya zo aka ce takardunsa sai ya sake jarrabawa iri-iri kafin su yi aiki. Ya kama tuƙin tasi a Washington, yana kai mutane ofisoshin jakadanci da filin jirgi, littattafansa a kujerar gefe. Abokansa na gareji Injiniya suke ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana. Da ya zama ɗan ƙasa, bayan rasuwar babanku, shi ya cike mini takardu na zo, aka ba ni katin zama. Adireshin da ke wajen hukumar shige da fice nasa ne: gidan haya a bene, a Beltsville kusa da Washington, ɗaki biyu da falo. Ya ba ni ɗaki ɗaya, shi da matarsa Binta suka riƙe ɗaya, yaransu biyu suka koma kwana a falo. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ni kuma ban taɓa tunanin akwai wani wuri da ya kamata in zauna ba. Mace in mijinta ya rasu, gidan babban ɗanta ne gidanta. Haka na gani a wajen uwata, haka ita ma ta gani.

Sai shekarar da gidaje suka yi araha ta zo. Rabi tana aikin haɗa magani, mijinta likita ne, shi ma ba zan rubuta sunansa ba tunda suruki ne, Likita zan riƙa cewa. Suka samu gida a Bowie, mai bene, da fili a baya da itatuwa. Abin da suke da shi bai kai ba, ni kuma rabona na gidan babanku na Kano yana ajiye ba ya yin komai. Na ce a saka. Likita ya ce ba zai karɓa ba sai dai in an rubuta sunana a cikin masu gidan. Haka aka kai ni wani ofis, aka jera mini takardu, ina sa hannu a hankali yadda malamarmu ta koya mana, harafi bayan harafi, Bature yana jira yana murmushi. Na fito a matsayin mai gida a Amurka, ni da ban taɓa mallakar ko akurkin kaza da sunana ba. Amma a raina ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Taimako na yi wa 'yata, shi ke nan.

Lokacin Rabi tana da cikin Hanifa, ya tsufa. Na tafi in zauna da ita har ta haihu in yi mata jego. Wannan kowa ya san shi, ba abin magana ba ne. Uwa tana zama a gidan suruki don jego, ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, in an yi arba'in ta tattara ta koma. Ni dai na san yadda na zauna. Ban taɓa cin abinci Likita yana kallo ba. In na ji motarsa ta shigo sai in haye sama. Shi ma bawan Allah, in zai gaishe ni daga ƙasan matakala yake durƙusawa.

Ranar suna gida ya cika. A cikin matan akwai Hajiya Mariyama, mutuniyar Maradi, mijinta direba ne a gareji ɗaya da yayanku. Mace ce mai barkwanci, ba ta riƙe magana a ciki. Ta hau sama ta leƙa ɗakina, ta buɗe banɗaki, ta dawo kicin tana tafa hannu.

"Hajiya, wanga gida ai ba a hita daga cikinai! Ɗaki naki ke ɗaya, makewayi naki ke ɗaya. Ni in ni ce, ko da sanda aka zo ba ni tashi."

"Jego na zo yi, Mariyama," na ce.

"Jego? Jegon Amurka ai shekara yake yi, Hajiya. In an gama wanga, a jira na gaba."

Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma ina tsaye a bakin tagar kicin, tagar kuma a buɗe take, maza suna bayan gida suna gasa naman ragon suna. Yayanku ne a kan wuta. Sai na ji wani daga cikinsu ya ɗaga murya.

"Injiniya, an ƙwace maka tsohuwa ke nan? Ka bari masu allura sun fi ka dabara."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, da baki. Amma na ga ya sunkuyar da kai yana ta juya wata tsoka da ta riga ta gasu, yana juyawa, yana juyawa, har ta ƙone. Na bar bakin tagar.

Aka yi arba'in, ban koma ba. Rabi ta ce in ƙara mako, jikinta bai yi ƙwari ba. Mako ya zama wata. Ganyen itatuwan bayan gida ya yi ja ya fara zuba, ina nan. Gaskiya kuma zaman ya yi mini daɗi, ga jaririya a bayana, ga wurin shanya, ga shiru. In tunanin Beltsville ya zo mini sai in ce ai ziyara ce ta yi tsawo.

Ana nan sai Rabi ta ce lokaci ya kusa da za a nema mini zama 'yar ƙasa, gara a je wajen lauya a duba takarduna tun da wuri. Likita ya kai mu wani ofis a cikin Washington. Lauyar wata dattijuwa ce baƙar fata, mai fara'a, tabarau a rataye a wuyanta. Ta buɗe takarduna tana dubawa, ta ɗauki ta gidan Bowie, ta ɗauki ta shige da fice, ta ajiye su kusa da juna. Ta yi magana, Rabi ta fassara.

"Umma, ta ce a ina kike kwana?"

Likita yana zaune a kujerar gefena. A tambaye ni inda nake kwana a gaban surukina! Na ja mayafina na rufe rabin fuska.

"Ki ce mata ina zuwa can, ina zuwa nan."

Matar ta yi dariya, ba ta raini ba, irin ta wadda ta saba jin wannan amsa. Rabi ta sake fassarawa.

"Ta ce ba ziyara take tambaya ba. Ina maganin hawan jininki yake? Ina kayan sawarki? In kin farka da safe, rufin wane gida kike gani?"

Rabi ta amsa mata. Sai lauyar ta yi mana bayani a natse. Ta ce duk wanda ba ɗan ƙasa ba ne, ko da gidan nasa ne da ya saya, in ya sauya wurin zama dole ya sanar da hukumar shige da fice cikin 'yan kwanaki. Mu kam mun riga mun makara, amma gara a gyara yanzu da a je gaban jami'i takarda ɗaya tana cewa Bowie ɗaya tana cewa Beltsville. Ta miƙo mini fom, shafi ɗaya tak, gurbin tsohon adireshi a sama, na sabo a ƙasa. Ta ce ita ba ruwanta da wanne ne, ko can ko nan, abin da doka take so a rubuta inda mutum yake zaune da gaske.

Muka kama hanyar gida. Ni kuwa fom ɗin yana cikin jakata kamar garwashi. Zama na ɗan lokaci daban, rubutawa daban. In na sa hannu a wannan takarda, na gaya wa gwamnati, na gaya wa kaina, cewa na bar gidan babban ɗana na tare a gidan mijin 'yata. Kuma magana ba ta ɓuya a tsakaninmu a nan, mu kaɗan ne, masallaci ɗaya, suna ɗaya, biki ɗaya. Za a ce tsohuwa ta ga bene ta manta kunya. Wannan zan iya haɗiyewa. Wanda ba zan iya ba shi ne a ce shi ya kasa riƙe uwarsa. Sai maganar lauyar ta dawo mini: a rubuta inda ake zaune da gaske. Na ce to, ai da sauƙi. Ba sai an sauya takarda ba, ni zan sauya.

Washegari da hantsi Rabi ta same ni ina ninke kaya a akwati.

"Umma, me kike yi?"

"Gida zan koma."

"Nan ɗin ina ne? Umma, gidanki ne fa. Gadonki yana cikin ginin nan. Sunanki yana kan takarda kusa da nawa."

"Yana kan takarda. Amma in baƙo ya zo ƙofa, sunan wa yake kira? Wa yake jan salla a gidan nan?"

"Wannan a Kano ne, Umma."

"Ni ma a Kano aka yi ni."

Ta zauna a bakin gado, jaririya a kafaɗa, muryarta ta sauka.

"Hutuna ya ƙare. Ran Litinin zan koma aiki. Wa zan bar wa yarinyar nan? Ki ce mini Yaya ya fi ni, sai in san inda na tsaya."

Ban ce ya fi ta ba, ban ce bai fi ta ba. Na ci gaba da ninke zani. Da Likita ya ji, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa daga waje.

"Umma, ko mun yi wani laifi ne? In akwai, a faɗa mana mu gyara."

"Babu laifi. Allah ya yi albarka."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, kuma na san bai ishe shi ba.

Rabi ta buga wa yayanku waya, ya zo da tasinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalminsa.

"An ce za a koma?"

"Za a koma."

Ya ce, "To." Ya ɗauki akwati.

Da muka hau benen Beltsville na tarar da kwalaye jere a baranda da falo, an ɗaure su da salatif, an yi rubutu a jikinsu. Labulen falo ma an cire. Binta ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sannu da zuwa Hajiya, gyaran gida muke yi. Yaran da suka koma ɗakina suka kwashe katifunsu suka dawo falo. A kwanakin da suka biyo baya ina kallo ana buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, tukwane suna komawa kan kanta, labule ya koma taga. Binta ba ta rage mini komai ba, abincina a kan lokaci, ruwan zafina a kan lokaci, amma idanunta kullum a kumbure. Na ɗauka matsin wuri ne, sun saba da sakewa na dawo na takura su. Sai na ƙanƙantar da kaina. Na rage fitowa falo, na rage cin abinci, in yara suna kallon talabijin ba na ce musu a rage murya. A raina kuwa ina cewa ba komai, na dai rufa masa asiri. A can Bowie kuma Rabi ta kai jaririya gidan raino, in na buga waya gaisuwa kawai muke yi.

Wata ranar Alhamis Hajiya Mariyama ta zo gaishe ni, ta kawo mini kwaɗon zogale. Binta tana wajen aiki. Muna cikin hira sai ta dafa gwiwata.

"Ke kam Hajiya, Allah ya ba ki ɗa. Maigidana ya ce duk gareji zancen ake. Wa zai samu irin wanga aiki ya ce a'a?"

"Wane aiki?"

Ta kalle ni, ta rufe baki da hannu.

"La ilaha illallahu. Ba ki sani ba? Wayyo bakina, wata rana sai ya kai ni gidan kaso."

Na ce tunda ta fara sai ta ƙarasa. Ta ƙarasa. Ashe ya ci jarrabawarsa ta ƙarshe tun kafin suna. Wata hukumar ruwa a wani ƙaramin gari a Texas ta ɗauke shi injiniya, aikin da ya yi shekaru yana nema. Har shi da Binta sun sanar da mai gidan haya za su tashi, kwalayen nan na tafiya ne. Ya ga na zauna a Bowie lafiya, ya ɗauka can na zaɓa, yana shirin aiko Binta ta gaya mini, sai ga wayar Rabi cewa a zo a ɗauke ni. Ya gaya wa abokansa ba zai ja ni garin da babu mai jin Hausa ko ɗaya ba, ga jinina, ga likitana a nan. Kuma tunda na nuna ba na son zaman gidan suruki, ba zai mayar da ni can da hannunsa ba. Zai rubuta musu ya ce ya fasa.

Ban san lokacin da Mariyama ta tafi ba. Na zauna ina kallon tukwanen da aka mayar kan kanta. Na zo in rufa masa asiri, ashe ƙofa na zo na tare. Shi ya yi shiru don yana jin kunyata, ni na yi shiru don ina jin kunyarsa, muna gida ɗaya, bango ɗaya ne tsakaninmu. A Gwarzo da sai in aika a kira gwaggonsa, ta ji nawa ta kai masa, ta ji nasa ta kawo mini, kafin la'asar an gama. A nan babu gwaggo. In ban buɗe bakina ba, babu mai buɗe mini.

Da safe, bayan yara sun tafi makaranta, ya fito zai tafi aiki. Ina zaune a falo da mayafina da jakata.

"A kai ni gidan waya," na ce.

Bai tambayi dalili ba. Na shiga kujerar baya kamar fasinja. Da ya tsaya a filin ajiye motoci zai fita ya buɗe mini, na ce a kashe mota a zauna. Ya kashe. Ƙeyarsa kawai nake gani, kuma a ranar na lura furfura ta fara fito masa. Wannan ƙeyar ita ta taimake ni. Da fuskarsa nake kallo da ban iya ba.

"An ce an samu aiki."

Kafaɗunsa suka motsa. "Wa ya faɗa?"

"Ba wannan aka tambaya ba."

"An samu. Amma ba komai, Hajiya. Wani zai zo."

"An riga an rubuta musu?"

"Tukuna. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata."

Na yi hamdala a zuci. Sai na ci gaba.

"Za ka tafi."

Ina jin bai taɓa jin na yi masa magana kai tsaye haka ba.

"Sai dai a tafi tare," ya ce.

"In yi hira da wa a can? Da famfo? Ga Rabi ta kai jinjira hannun baƙi. Ni nan zan zauna, a Bowie."

"Hajiya, ai an nuna ba a son can."

"Ba a so. Har gobe ba a so. Amma za a zauna."

Na ciro fom ɗin na miƙa ta tsakanin kujeru. Ya karɓa ya duba, ya gane ko mene ne, tunda shi ya saba cike mini irinsu.

"Mutane za su yi magana," ya ce a hankali.

"Za su yi. Kai ka yi nisa, ba za ka ji ba. Ni zan ji mana, mu biyu."

Ya sake duba fom ɗin. Sannan ya ɗauko biro daga aljihu, ya ɗora takardar a kan sitiyari. A gurbin tsohon adireshi ya rubuta gidansa. A gurbin sabo ya rubuta gidan mijin ƙanwarsa, bai ko tambaye ni lambar ba. Ina kallon hannunsa ta gefen kujera. Ya miƙo mini, na ɗora a kan jakata na sa hannu, haruffan suka karkace. Ya shiga ya sayo ambulan da kan sarki. A gaban akwatin wasiƙa ya tsaya, ambulan a hannu, ya waiwayo wajen motar. Na sauke gilashi.

"A saka," na ce.

Ya saka.

Na ce tunda takarda ta tafi, yau zan kwana inda aka rubuta. Muka koma Beltsville na haɗa akwatina. Binta ta dawo ta tarar, da ta ji abin da ya faru sai ta zube ta riƙe ƙafafuna tana kuka, na ce ta tashi ta nemo salatif. Da la'asar muka isa Bowie. Rabi tana wajen aiki. Likita ne ya buɗe ƙofa, ba takalmi, jaririya a kafaɗa ta yi masa tumbuɗi a riga, ashe zazzaɓi ya hana a kai ta raino shi ya zauna da ita. Ya gan mu da akwati, ya rasa yadda zai durƙusa da yarinya a hannu.

"Likita, ga Hajiya," in ji yayanku. "Amana ce."

"Gidanta ne, Yaya."

Na wuce ta tsakaninsu fuskata a rufe. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta wannan taku ba, ɗana yana miƙa ni ga surukina a bakin ƙofa da rana kiri-kiri. A tsakiyar matakala na tsaya, na dawo, na miƙa hannu ba tare da na kalli Likita ba. Ya ɗora mini yarinyar.

Maganar kuwa an yi ta, ba a rage komai ba. An ce na je Beltsville na ga ba zan iya ba, na gudo gidan daɗi. An ce Injiniya ya samu aiki ya yar da tsohuwa. A gidajen suna in na shiga sai a sauya hira. Sau da yawa amsa tana bakina, amma in na faɗi gaskiya yabon ɗan fari zan yi a gaban mutane, sai in haɗiye in ce a miƙo mini ruwa. Rabi ma ta daɗe kafin ta saki jiki da ni, don a ganinta na dawo ne saboda Yaya, ba saboda ita ba, kuma ban iya ce mata ƙarya take ba. Likita bai taɓa ɓata mini ba ko sau ɗaya, amma har yau ban ci abinci a gabansa ba, kuma duk wasiƙar da ta zo da sunana a kan adireshin nan sai na ji wani abu ya taɓa ni. Yaran yayanku kuma sun girma nesa da ni. In sun zo da salla, da Turanci suke amsa mini, ƙaramar ma ba ta san ɗanɗanon tuwona ba.

Ranar da za su tafi suka biyo ta Bowie da safe, da babbar motar haya cike da kwalaye. Binta da yara suka hau sama muka yi sallama, na ba su daddawa da kuka a leda. Shi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ya durƙusa.

"Hajiya, za a kama hanya."

Ina zaune a kan darduma, na juya wa ƙofa gefe.

"Allah ya kiyaye. A riƙe salla."

"In sha Allahu."

Ya ɗan jira ko akwai saura. Akwai, amma ba ta fito ba. Na ji takunsa yana sauka. Rabi da Likita suka raka su har bakin titi, ana ta ɗaga hannu. Ni ban raka shi ba, uwa ba ta raka ɗan fari. Na tashi na je bakin taga, na ɗaga labule kaɗan, daidai faɗin ido ɗaya. Ya zagaya motar yana duba tayoyi, ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a ciki. Sai ya ɗaga kai ya kalli tagar. Ban saki labulen ba.